Zanen Hancin Auta

Laraba, 7 ga Mayu, bayan La'asar

Alhamdu lillahi, Baba ya ci abinci. Inna ta aika da tuwo da miyar kuka, kwanon ya dawo wayam, har da saƙon cewa gishiri ya yi kaɗan. Mutumin da ke ƙorafin gishiri bai karaya ba, shi ya sa na fara da wannan.

Baba yana tsare a ɗakin ajiyar igiyoyi da ke bayan kara, kasuwar shanun nan ta Mafara. Ba wanda ya taɓa shi. Alhaji Yari, shugaban kwamitin kara, ya rantse wa Inna ba zai miƙa shi ga waɗancan masu baburan ba, waɗanda ke yanke hukunci kafin su yi tambaya. Amma ya ce ƙarfinsa na Talata biyu ne. In ta biyun ta wuce ba a wanke Baba ba, hannunsa ya fita.

Jiya Baba ya kai farin san da ya turke a gida don a duba shi kafin yanka, yadda kwamiti ya tsara yanzu. Aka ɗauki hoton hancinsa, waya ta ce na marigayi Jatau ne na Gidan Goga, kuma yana cikin waɗanda aka kora. Ba zan rubuta abin da ya faru a Gidan Goga ba. Kowa ya sani.

Shirin da ke cikin wayar nan ni na rubuta shi. Ni Zulaihat, 'yar Bawa mahauci, wadda aka sayar da raguna aka kai karatun kwamfuta. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

Alhamis, 8 ga Mayu, da hantsi

Inna ta tambaye ni yadda waya ta san sa, na yi mata bayani, kuma bayanin ya ɗan kwantar mini da hankali ni kaina. Kowane sa yana da zane a fatar hancinsa, kamar zanen yatsan mutum, babu biyu iri ɗaya. Shirina yana mayar da hoton zanen ya zama dogon jerin lambobi, bekta muke ce masa. Lambobin duk shanun da aka yi wa rajista bara a Mafara da Bakura da Maradun suna ajiye a wani rumbun bayanai da ke nesa, sai ta intanet ake kai gare shi. Akwai ɗan laburare, wato wani ƙaramin shiri na yaren kwamfuta na Python, da ke haɗa ni da rumbun. In ba shi adireshi da makulli, in miƙa masa lambobin sa, ya je ya dawo mini da wanda ya fi kusa da su.

Wanda ya fi kusa. Nan fatana yake. Rumbun nan bai iya cewa ban sani ba. Ko hancin jaki ka ba shi sai ya lalubo maka saniyar da ta fi kama da shi, kamar dillalin da ba ya barin mai saye ya tafi hannu rabbana. Yana dai haɗawa da maki, daga sifili zuwa ɗaya, mai nuna yawan kamar. Wayar kwamiti suna kawai take nunawa, ba ta nuna maki. In na shiga da kwamfutata na ga makin ƙasa yake, magana ta ƙare.

Inna ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "To ki shiga mana, mi kike jira?"

Sabis nake jira. Tun ranar abin nan sai ya leƙo ya koma.

Juma'a, 9 ga Mayu, kafin masallaci

Laburare ya jira, ya gaji, ya ce lokaci ya ƙare. Na ƙara masa lokacin jira. Ya ƙara jira, ya sake cewa lokaci ya ƙare.

Juma'a, da yamma

Ya ci abinci. Baba ya ce a kai masa carbinsa da asuwaki.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan Azahar, Bakura

Na hau mota na zo Bakura, jifa ɗaya tsuntsu biyu. An ce sabis ya fi zama a nan, kuma nan ne gidan Dikko, dillalin da Baba ya ce a hannunsa ya sayi san.

Dikko ya san ni tun ina rarrafe. Mun gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi Inna, ya tambayi zafi, ya tambayi har karatun da na gama tuntuni, bai tambayi Baba ba. Da na kawo maganar sai ya kalli ƙofa.

Ya ce, "Ɗiyata, ni ban san wanga sa ba. Kuma ƙahwata ba ta taka Gidan Goga ba bana."

Na ce, "Kawu, ban ambaci Gidan Goga ba."

Ya tashi ya ce zai yi alwala, alhali yanzu aka sallame. Na fito ina tafasa. Sai a hanya na gane tsoro ne ke cinsa. Duk wanda aka ji ya shiga garin nan kafin abin ya faru, sunansa ɗan rahoto, kuma ba a yi wa ɗan rahoto ɗakin igiyoyi da tuwo.

Sabis ya samu a saman benen wata ƙawata. Laburare ya haɗu da rumbu a karon farko, na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Sai kuma ya ƙi umarnina. Ashe da na sabunta shi watan jiya an canza sunan umarnin nema, tsohon ya daina aiki. Na bi bayaninsu na gyara layin. Na kuma daina tura hoto, a kwamfutata nake juya shi ya zama lambobi, lambobin kaɗai ke hawa, su ba su da nauyi. Kafin in danna, batir ya mutu. Ban ji haushi ba. Ƙofa dai ta buɗe, gobe sai shiga.

Lahadi, 11 ga Mayu, da safe

Na shiga.

Lahadi, bayan La'asar

Ba na jin yin rubutu.

Litinin, 12 ga Mayu, da hantsi, Mafara

Makin san Jatau sifili da ɗigo tara da bakwai ne. Na biyun da ke bin sa bai ko kama ƙafarsa ba. Na gwada da wani hoton, na gwada da na uku. Rumbu bai yi kuskure ba, shi ne.

Na gaya wa Inna sabis ne bai samu ba. Ta dube ni, ta ci gaba da tsince shinkafa.

Makullin da ke hannuna babba ne, yana karantawa, yana rubutawa, yana gogewa. Layi ɗaya ne. In ba laburare lambar san, in ce ya cire ta, gobe a sake ɗaukar hoto a kara, waya ta kawo wata saniyar ƙauyen Ruwan Gizo da maki maras ƙarfi, kowa ya ce na'ura ce ta yi shirme. Na rubuta layin. Na zauna ina kallonsa har kaji suka shigo ɗaki.

Ban danna ba. Ba don ni waliyyiya ba ce. Na tuna akwai ɗan Jatau, Misbahu, wanda ya dawo daga aikin acaba a Gusau ya tarar babu uba babu garke, ya zo kara ya sa aka yi wa duk shanun ubansa alamar sata. In na goge wannan, me zai hana a ce sauran ma ƙarya ne? Kuma Baba bai saci komai ba, na san wannan kamar yadda na san sunana. Mai gaskiya ba ya bukatar in yi masa sata.

Na share layin, na yanka wa kaina ƙaramin makulli mai karatu kaɗai, na rufe babban a inda sai na sha wahala zan ɗauko shi. Da na gama sai na ji yunwa, rabona da jin ta tun Asabar.

Talata, 13 ga Mayu, da yamma

Talata ɗaya ta tafi. Masu babura sun zagaya kara, sun sha fura, sun tafi. Alhaji Yari ya zauna a bakin ɗakin igiyoyi tun safe bai motsa ba, Allah ya saka masa.

Baba ya ci abinci.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan Azahar

Yau na yi rigima da Inna. Ta fito da turmin atamfa da sabulu da gero a ƙwarya, ta ce gobe za mu Maradun. Matar Jatau, Nagode, tana takaba a gidan ƙaninta a can, tunda garinsu ba ya zaunuwa.

Na ce, "Inna, mutanen da ke cewa mu muka ci dukiyarsu? Korar kare za su yi mana."

Ta ce, "Su kore mu. An yi mutuwa, sunanmu ya shiga cikin maganar, kuma ba mu tahi gaisuwa ba. Wanga abin kunya na. Ubanki da Jatau sun ci kasuwa ɗaya."

Na ce ina da aiki a kwamfuta.

Ta ce, "Kwamhutar nan ta gama aikinta tun Lahadi, ai na ga idonki."

Ban san inda zan sa fuskata ba. Na ɗauko mayafi na goge.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan Magariba

Mun je mun dawo lafiya. Dole in rubuta wannan yau.

Misbahu muka tarar a zaure. Da ya ji daga gidan da muke, fuskarsa ta haɗe kamar hadari, amma ba a hana mai gaisuwar mutuwa shiga. Ya matsa mana.

Nagode tana ƙuryar ɗaki kan tabarma, 'yar ƙaramar mace, ba kwalli ba ɗan kunne, muryarta can ƙasa. Inna ta durƙusa.

"Ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Ya ƙarin haƙurinmu? Allah shi jiƙan malam, shi sa ya huta."

"Amin, amin. Daga ina baƙin?"

Inna ta ce daga Mafara, gidan Bawa mahauci. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya. Sai na ji matar nan ta gyara zama.

Ta ce, "Bawa na Mahwara? Ku kunka sayi Auta ke nan. Kun yanka shi?"

Inna ta ce wane ne Auta.

Ashe san nata ne. Ɗan autan saniyar da aka ba ta tun aurenta, a garken mijinta yake kiwo kamar yadda dabbobin mata ke zama, shi ya sa da masu rajista suka je aka rubuta Jatau. Wa zai tambayi matar gida? Ita da malam suka yi shawarar sayar da shi don su kama ɗaki a Maradun kafin damina. Yanzu kuma a ƙauye ba a sayar da dabba a fili, yau ka sayar gobe an san akwai abu a gidanka. Sai suka kira Dikko a asirce, ya zo da asuba ya ja shi, mako guda kafin abin. Ko ɗansu ba su gaya wa ba. Dikko ne ya ce mata wani mahaucin Mafara mai suna Bawa ya ɗauka.

Ta ce, "Ɗakin munka kama. Kwana kaɗan ya rage mu tashi."



Ba ta san an tsare kowa ba. Mai takaba ba a kawo mata zancen kasuwa. Da Inna ta gaya mata, sai ta dafe ƙirji, ta ɗaga muryar da ban zaci tana da ita ba, ta kira ɗanta. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Misbahu, kai kas sa anka kulle bawan Allah kan sa na? Auta nau na, ni nis sai da shi. Ka tambaye ni?"

Ya ce, "Inna, ban sani ba."

"To yanzu ka sani."

A mota Inna ba ta ce na gaya miki ba. Gyaɗa ta saya mini, wannan ya fi zafi.

Juma'a, 16 ga Mayu, da safe

Na yi barci har rana ta shigo ɗaki.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan La'asar

Misbahu ya zo da kansa ya gaya wa kwamiti. Na ɗauka a take za a buɗe ƙofa, ashe da sauran rina a kaba. Wasu suka ce maganar mace ce daga bayan labule, ba za ta iya fitowa ta rantse ba sai ta gama takaba. Wani ya ce ko da ta sayar da sa, wa ya tabbatar wannan ne, fararen shanu sun yi yawa a duniya. Alhaji Yari ya ce a kawo Dikko ranar Talata.

Na ji haushi, amma ba irin na da ba. Yanzu gaskiya tana da ƙafa, sauran ta iso.

An bar ni na ga Baba ta taga. Ya rame kaɗan, gemunsa ya yi buzu-buzu. Abin da ya fara tambaya shi ne ko ana ba san dusa. San yana ɗaure a harabar kwamiti, shi da Baba kusan maƙwabta.

Litinin, 19 ga Mayu, da yamma

Misbahu ya ɗauke ni a babur zuwa Bakura. Bai yi doguwar magana da Dikko ba. Ya ce, "Kawu, uwata ta hwaɗi komi. Ni ɗan mamacin na, kuma ni za ni tsaya gaban kowa in ce kiranka anka yi. Ba mai ce maka ɗan rahoto ina raye."

Dikko ya yi kuka, babban mutum da furfura. Sannan ya ciro waya ya nuna mana hoton da ya ɗauka ranar da ya kawo san gidansa, don ya nuna wa masu saye. Ga kwanan wata a jiki, kafin abin. San ya miƙo kai yana shinshinar wayar, hancin ya cika rabin hoton. Ban taɓa ganin hanci mai kyau irin wannan ba.

Ban gwada shi ba. Na ce a gaban kowa za a yi, kada a ce na dafa.

Talata, 20 ga Mayu, bayan Isha'i

Baba yana gida. Yana tsakar gida yanzu haka yana faɗa da Inna kan an matsar masa da buta. Bari in bi abin daki-daki.

An taru a rumfar kwamiti da hantsi. Masu babura suna gefe, ba su sauka ba. Dikko ya yi bayani, Misbahu na tsaye kafaɗa da kafaɗa da shi. Aka zagaya da wayar, dattawa suka duba kwanan watan. Sai Alhaji Yari ya ce, "Ɗiyar Bawa, na'urarki ta kama shi. Tambaye ta ko wanga hoto shi na."

Na ɗora kwamfuta kan buhun dusa. Na juya hoton ya zama lambobi, na miƙa wa laburare. Sabis sanda ɗaya. Ya jira, ya ce lokaci ya ƙare. Wani daga baya ya yi dariya. Na riga na sa shi ya riƙa sake gwadawa da kansa, sai na naɗe hannu. Ya sake, ya faɗi. Ana cikin haka wata saniya ta tsinke igiya, rabin taron ya juya, ni kaɗai na ga amsar ta sauko.

Lambar Auta ce, da maki sifili da ɗigo tara da biyar. Na juya allon, Misbahu ya karanta da ƙarfi. Sa ɗaya ne, kuma yana gidan Dikko a Bakura tun garken Jatau na nan lafiya.

A nan na zauna a ƙasa. Da na danna layin nan ranar Litinin waccan, da yau babu abin da za a gwada hoton Dikko da shi.

Alhaji Yari ya buɗe ɗakin da hannunsa. Masu babura suka tada injin suka tafi, ko sallama babu, mu ma ba mu nema ba. Baba ya fito yana ƙifta ido, ya gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya har da Dikko. Da ya iso kaina ya ce, "Ke, tashi daga ƙasa, kina ɓata zane."

Laraba, 21 ga Mayu, da hantsi

Gidan cike yake da 'yan barka, har da waɗanda suka daina amsa sallamarmu. Inna tana ba kowa kunu. Ni ban kai ta haƙuri ba, na shige ɗaki.

Na gyara wayar kwamiti. Yanzu tana nuna maki, in ya yi ƙasa ta ce ba ta sani ba. Na ƙara gurbi biyu a bayanin kowace dabba, mai ita daban, mai kiwonta daban. A ƙasan allo kuma na sa ta rubuta: a tambayi mutanen gida.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan La'asar

Na zaci yau za a yanka shi. Baba ya wasa wuƙaƙe tun safe, ya je ya tsaya gaban san ya daɗe, sannan ya dawo ya mayar da su kube. Ya aika aka kira Misbahu, aka samo a-kori-kura.

Ya ce masa, "Cikin garken ubanka duka, wanga kaɗai ya tsira. Ba ni sa mai wuƙa. Damina ta kusa, ka samu wanda za ku haɗa shi da nashi ku yi huɗa."

Misbahu ya fara rantse-rantse, Baba ya ce ya rufe masa baki ya kama igiya. Da ƙyar aka tura shi mota, ya ci dusar gidanmu ya yi nauyi. Baba ya shafa wuyansa yana yi masa addu'a. Tun da nake ban taɓa jin ya yi wa sa wata addu'a ba in ba bisimillar yanka ba.

Da motar ta fita na ɗauko babban makullin, na buɗe kwamfuta a zaure, na cire wa Auta alamar sata. Na tsaya a gurbin mai shi.

Na ce, "Baba, sunan wa zan sa? Naka ko na Misbahu?"

Yana wanke hannu, bai ko juyo ba. Ya ce, "Ke da karatunki. Sa na Nagode, ki sa Nagode."

Na rubuta, na tura, rumbu ya karɓa nan take. Sai na nemi ya nuno mini sauran shanun da ke da sunan mace a matsayin mai su, daga Mafara har Maradun. Ya dawo da ita kaɗai.